Aljanar Rumbun Mala

Ƙosai ne ya haɗa su, ko kuma a ce takardar da aka ƙunshe ƙosan a cikinta.

Ranar kasuwar Gezawa ce. Huseina ta sayar da 'yar busasshiyar kuɓewar da mahaifiyarta, Inna Hure, ta aiko ta da ita, ta tsaya wajen mai ƙosai don ta taɓa wani abu kafin ta kama hanyar ƙauyensu, Kukar Maje. Tana buɗe ƙunshin sai ta ga zane a jikin takardar. Wani hannu ne ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa ya cafke ƙafar wani mutum mai riƙe da fitila, an rubuta maganarsa da Turanci a saman kansa. Mai ya jiƙa rabin shafin. Ta juya bayan takardar ta karanta, labarin ya yanke daidai inda mutumin ya fara waiwayowa.

"Iya, ina sauran takardar nan?"

"Ta bi ƙosai gidajen mutane," in ji mai ƙosan. "In ƙari kike so, je ki wajen Mala mai cajin waya, ga rumfarsa can. Shi ya ba ni."

Huseina ba ta cikin 'yan matan da ke jin nauyin tambaya. Ta yi karatun koyarwa a Kano ta gama, ta dawo gida da takardarta, aiki ya ƙi samuwa. Tana koyar da yaran firamaren ƙauyensu kyauta, har matan gari suka laƙaba mata Malama-ba-albashi. Ba ta taɓa sunkuyar da kai saboda sunan ba. In aka kira ta da shi ma amsawa take yi.

Ta tarar da Mala a sunkuye cikin wayoyi, dogo, baƙi, mai sanyin fuska.

"Kai ne kake yayyaga littattafai kana ba masu ƙosai?"

Ya ɗago kai a hankali. "Sannu da zuwa dai tukuna."

"Yawwa, sannu. Kai ne?"

"Gara ce ta yayyaga, ni ragowarta na bayar. Masu rai suna nan."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci. Tsofaffin littattafan zane ne na fatalwa da dodanni, da ƙananan littattafan binciken kisa waɗanda takardarsu ta koma ruwan ƙasa, da kaset-kaset na finafinan ban tsoro tun na zamanin da hoto ba kala. Ya ce na mahaifinsa ne, marigayi Kallamu, wanda ya taɓa riƙe gidan kallo a bakin kasuwar. Kakansu daga Barno ya zo, har yau ana ce wa gidansu gidan Barebari, alhali shi ko gaisuwa da ƙyar yake haɗawa da yaren.

Huseina ta durƙusa tana ɗaga littattafan ɗaya bayan ɗaya, ta manta da ƙosai, ta manta da faɗan da ta zo yi.

"To shi wannan mai fitilar, da ya waiwayo me ya gani?"

"Na san ƙarshensa sarai," in ji Mala. "Amma in na faɗa miki yau, me zai dawo da ke kasuwa mai zuwa?"

Ta harare shi. Ta zaɓi littafi ɗaya na bincike, ta sa a jakarta ba tare da ta nemi izini ba, ta ce aro ne. Shi kuma ya ce ƙa'idar rumfar sai mai aro ya bar lambar waya.

Daga nan zance ya ƙullu. Ita ta sa masa suna Dodo, saboda ba fim ɗin tsoron da bai haddace ba. Shi kuma yana ce mata Insifeto, don kafin ta kai tsakiyar littafi ta riga ta kama mai laifi.

"Insifeto, kin kai ina? Kada ki yarda da mai lambun nan."

"Tuni na gano shi. Ya ce daga lambu yake, takalminsa kuwa ko ɗigon laka babu. Ka tanadar mini wani, Dodo, wannan ya kusa ƙarewa."

"Ɓarauniyar da ta sace mini zuciya fa, an gano ta?"

"Ana kan bincike. Amma ina jin wadda ake zargi ba ta da niyyar mayarwa."

Shekarar kuwa ba ta soyayya ba ce. Man fetur ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin mota ya bi shi, takin zamani ya gagari talaka. Geron bara bai yi auki ba, tun kafin ruwan farko rumbunan Kukar Maje suka koma fayau. A gidan Malam Dabo, mahaifin Huseina, tuwo ya koma sau ɗaya a yini, kwaɗon rama da tafasa suka cike gurbin sauran. Huseina ta daina hawa babur, da ƙafa take zuwa Gezawa ta dawo. Ita ce ta tara toka da kashin awaki da sharar gida duk tsawon rani, suka yi ta kai wa gona a kan jaki ita da mahaifinta, mata na kallonta suna cewa ga inda boko ya ƙare. Ta ji, ta ƙara ɗaure ɗankwalinta. In ta dawo da yamma jikinta na ciwo, sai ta buɗe littafin Mala ta shiga wani gari mai hazo inda damuwar mutane duka ita ce wa ya kashe attajiri, ta ɗan huta.

Mala ya fara zuwa zance bayan la'asar, a kan tsohon kekensa. Ba shi kaɗai ke zuwa ba. Akwai Basiru mai shagon taki, wanda tsadar shekarar ta yi wa rana, yana zuwa a kan sabon babur yana ƙamshin turare.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Basiru wata rana, "me mace za ta tsinta a littafin fatalwa? In kin shigo gidana duk za ki manta da wannan shirme."

"Shi ya sa ba zan shigo ba," in ji Huseina. "A gai da gida."

Malam Dabo mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce shi ba ya yi wa 'yarsa dole, amma kuma ba ya ba da ita da ka. Da Huseina ta nuna Mala, sai ya yi abin da kowane uba ke yi, ya tura a bincika masa yaron: asalinsa, sallarsa, sana'arsa, abokan zamansa. Ƙanensa Nababa ya ɗora wa aikin. Baffa Nababa kuwa jarumi ne a baki, ba dare ba rana yana maƙale da finafinan fassara a wayarsa, yana ba yara labarin yadda shi da aljani za su kwashe in sun haɗu.

Duk inda ya tambaya alheri ya ji. Mala na sallah a kan lokaci, shi ke riƙe da mahaifiyarsa Yakaka da ƙannensa tun rasuwar Kallamu. Sai da ya biya ta shagon taki, Basiru ya ja shi gefe ya ce, "Baffa, ni ban ce komai ba. Amma ka je kufan gidansu da rana tsaka, inda tsohon rumbun nan yake a gindin tsamiya. Ka je kawai."

Bayan azahar Baffa Nababa ya faɗo zauren yayansa yana haki, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Yaya, yaron nan ba shi kaɗai ba ne."

"Zauna ka sha ruwa. Shi da wa?"

"Da mutanen ɓoye. Da kunnena na ji. Rumbu ne ba kowa a kusa, ga tsamiya, ga rana tsaka. Sai na ji mace tana kuka a ciki, irin kukan da ke tayar da tsigar jiki. Tana cewa, masoyina, shekara da shekaru ina jiranka a cikin rijiyar nan. Sai na ji muryar Mala, wallahi muryarsa ce, yana cewa ga ni, ba zan sake barin ki ba. Daga nan ta kece da wata dariya. Ban tsaya jin ƙarshenta ba."

Malam Dabo ya daɗe yana jan carbi. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake faɗa game da namijin da aljana ta aura: matarsa ta mutane ba ta ganin daidai, in ba ciwo ba ɓari, in ba ɓari ba hauka. Ya kira Huseina ya ce mata maganar Mala ta mutu, kada ya sake ganin kekensa a ƙofar gidan.

Huseina ba ta musa cewa akwai aljanu ba, suna cikin Alƙur'ani. Sai dai littattafan da ta karanta sun koya mata cewa in aka ji kuka a gidan da ba kowa, a fara neman mutum tukuna. Wannan tunanin ne ya fi yi mata ciwo. In ba aljana ba ce, mace ce ke nan, mai jini da tsoka, wadda ake ce wa ba zan sake barin ki ba.

Ta rubuta masa: "Wace ce a rumbu?"

Amsa ba ta zo ba sai da ta gama wanke-wanke.

"Wallahi tallahi babu wata mace a zuciyata sai ke, Huseina. Amma don Allah kada ki tambaye ni maganar rumbu."

"To ka riƙe rumbunka."

Ranar kasuwa ta kwashe littattafansa ta ajiye masa a kan benci, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya kira sunanta, ta wuce. Sai da ta fita gari, ta shiga tsakanin gonaki inda ba mai ganinta, sannan ta bar hawayen suka zubo.

Labari ya bazu. A bakin famfo mata suka sauya mata suna, ta koma Amaryar Rumbu. Rumfar Mala ta yi shiru, mutane suna tsoron ba shi wayarsu kada wani abu ya biyo caji. Basiru ya dawo da baburinsa da buhun taki a baya, wai gudummawa ce ga Baba. Malam Dabo ya gode masa ya ce ya mayar, gonarsa ta riga ta sha toka. Huseina ta ci gaba da zuwa makaranta da safe, gona da hantsi, kanta a sama kamar kullum. Inna Hure ce kaɗai ta lura tuwon ma da ake samu sau ɗaya ba ta cinye nata.

Abin da ya hana ta sakat shi ne labarin bai da ƙarshe, ita kuwa ba ta iya barin labari a tsakiya.

Wata safiya aka yi ruwa mai yawa, ƙasa ta yi laushi. Da rana ta take, Huseina ta kai wa mahaifinta fura a gona, ta biyo ta hanyar kufai a dawowa. Gidan Barebari sun daɗe da tashi daga nan sun koma bakin titi, ba abin da ya rage sai guntun katanga, da tsamiya, da wani ƙaton rumbun ƙasa mai hular jinka, an jingina masa tsani.

Ta fara duba ƙasa, yadda mutanen cikin littattafanta suke yi. Sawun keke. Sawun takalmin namiji, ya tafi har gindin tsani bai dawo ba. A cikin ƙaya ga takalmin Baffa Nababa ɗaya, ruwa ya yi masa duka. Ta zagaya rumbun kaf. Babu sawun mace ko ɗaya.

Nan tsoro ya kama ta, don in mace ba ta taka ƙasa ba, to Baffa ne mai gaskiya. Tana cikin karanta Ayatul Kursiyyu kukan ya taso daga cikin rumbun, siriri, mai jan rai, kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

"Masoyina, ruwan nan da sanyi. Miƙo mini hannunka."

Ƙafafunta suka ce ta gudu. Ta dafa katanga ta tsaya.

"Miƙo mini hann…"

Sai matar ta sarƙe. Ta yi tari, tari mai kauri irin na ƙato, ta yi gyaran murya, ta ce da muryar Mala, "Kash. A sake."

Huseina ta tattare zanenta ta hau tsanin, ta ɗaga gefen jinkar ta leƙa.

Yana zaune a ƙasan rumbun ya yi sharkaf da gumi. Ya rataye tsofaffin buhuna a bango, ya kifa turmi ya ɗora wata tsohuwar kwamfuta a kai. A fuskar kwamfutar ga wata Baturiya cikin farar riga tana fitowa daga rijiya, hoton ba kala. Abin sauraro na kunnensa, makirfo na gabansa, ya matse hancinsa da yatsu biyu, ya buɗe baki ke nan zai sake kuka haske ya faɗo masa. Ya ɗaga kai suka haɗa ido.

Dariya ta kama Huseina har tsanin na rawa. Ta yi ta yi, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san ko na dariyar ne ko na nauyin da ya sauka daga ƙirjinta ba.

"Sannu, aljana," ta ce da ta samu numfashi. "Ya ruwan rijiya?"

Mala ya cire abin kunnen, ya rufe fuska da tafin hannu. "Shi ke nan, kin kashe ni."

Daga ƙasan rumbun ya ba ta labari, ita tana saman tsani. Cajin waya ya daina riƙe gida. Wasu masu fassarar finafinai a Kano suka ce in zai juya tsofaffin kaset ɗin mahaifinsa zuwa Hausa za su saya, don mutane na son na tsoro. Da farko akwai wata mata a birni da ke yin muryoyin mata, da kuɗin mota ya yi tsada zuwa wajenta ya gagara. Sai wata rana ya gwada da kansa, ya tura, ba wanda ya gane. A gida kuwa ba a ɗaukar murya, ga awaki, ga injin niƙa, ga ƙanne. Rumbun da ba hatsi a cikinsa shiru gare shi kamar kabari, da rana tsaka kuma ba mai zuwa gindin tsamiya.

"Da wannan kukan Yakaka take ɗora tukunya," ya ce.

"To me ya hana ka faɗa? Sana'a ce."

"Kin san garin nan, Huseina. In aka ji Mala na maƙale murya yana yin mace, sunan da za a sa mini har jikokina sai sun gada. Gara a ce aljana ce."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Gara aljana da ni ke nan."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka yi. Ka ji ni da kyau, Dodo. Sirrinka ne, ba zan faɗa wa kowa ba, ko Inna. Amma ni tun da na dawo daga makaranta ake yi da ni a garin nan, ban fasa fita ba, ban fasa amsa sallama ba. In kai ba za ka iya shan surutun 'yan kwanaki saboda ni ba, zauna a rumbunka, Allah ya ba da sa'a."

Ta mayar da jinkar yadda ta same ta, ta sauko, ta zare takalmin Baffa daga ƙaya ta tafi da shi.

Kwanaki suka wuce ba labari. Ta fara cewa a ranta ashe dodon nata matsoraci ne. Sai ranar Alhamis tana tankaɗe wayarta ta yi ƙara.

"Insifeto, ki roƙar mini Baba ya ba ni dama gobe bayan la'asar. Mai laifi zai kawo kansa. In an yanke mini hukunci, ki sani ke ce kika kama ni, kuma ban yi nadama ba."

Da ƙyar Inna Hure ta shawo kan Malam Dabo ya yarda a saurare shi. Ya zauna a kan buzunsa a zaure. Baffa Nababa ya zaɓi wuri dab da ƙofar waje, ya ce iska yake so. Huseina da Inna suka tsaya a bayan ƙofar cikin gida.

Mala ya yi sallama ya durƙusa, ya gaishe su. Ya buɗe kwamfutar ya kunna fim ɗin ba sauti, ya yi bayani. Malam Dabo ya ce shi bai gane ba. Mala ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofar cikin gida inda gefen mayafi ke leƙowa. Sannan ya matse hancinsa.

"Masoyina, ruwan nan da sanyi."

Baffa Nababa ya zabura har ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya cak. Ya juyo a hankali yana nuna Mala da yatsa.

"Tsaya. Wannan ai matar rijiya ce. Kashinta na farko yana cikin wayata, na kalle shi ya fi a ƙirga." Ya dawo ya tsuguna a gabansa. "Kai ne? To tsohuwar nan mai tsintsiya da ke cin 'ya'yan maƙwabta fa?"

"Ni ne, Baffa."

"Mai gadin maƙabarta?"

"Shi ma."

"Ikon Allah. Yaya, ka san wa ke zaune a zaurenka kuwa? Ɗan yi mini tsohuwar, inda take cewa yaro zo ka ci tuwo."

"Nababa," in ji Malam Dabo. Baffa ya koma wurin zamansa.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Aljana dai babu, alhamdu lillahi, wannan nauyi ya sauka. Amma yaro, namiji da gemunsa ya shiga rumbu yana kukan mata? In aka tambaye ni sana'ar surukina, me zan ce?"

 

"Baba, a yi mini izini in yi magana," in ji Huseina daga bayan ƙofa.

"Ina jin ki."

"Shekarar da aka kwantar da Inna a asibiti a birni, ni da Hassana 'yar'uwar tagwaicina muna ƙanana, gero ya ƙare mana. Kunu muke sha mu kwanta, mu yi ta kuka. Akwai wanda yake ɗora mu a cinyarsa, ya yi mana tatsuniyar tsohuwa da kura. In ya zo wajen tsohuwar sai ya matse hancinsa ya yi muryarta, mu yi ta dariya har barci ya ɗauke mu, mu manta ba mu ƙoshi ba." Ta ƙara da cewa, "Ni dai har yau ban ga namijin da ya kai mai muryar tsohuwar nan ba. Shi ma wannan gidansu yake ciyarwa da tasa."

Carbin Malam Dabo ya tsaya a hannunsa.

"Au, Malam," in ji Inna Hure, "ashe haka aka yi a bayan idona?"

"Yaya," in ji Baffa Nababa a hankali, "ɗan yi mana mu ji mana."

"Tashi ka ba ni wuri, mai takalmi ɗaya."

Sai ga hannu ya miƙo daga bayan ƙofa ya ajiye ɗayan takalmin a tsakar zaure. Nan Malam Dabo ya kasa riƙewa, dariya ta ƙwace masa, ya sa hannun riga yana goge ido.

Da ya natsu ya tambayi Mala ko akwai batsa a finafinan. Mala ya ce duk inda ya ga abin da ba zai iya kallo tare da Yakaka ba, yanke shi yake yi. Tsohon ya gyaɗa kai.

"Ka daina ɓuya kamar ɓarawo. Wanda ke neman halak ba ya jin kunyar rana. Ka turo magabatanka."

Surutu kam an yi shi. Ranar kasuwa Basiru ya tsaya a gaban rumfar Mala cikin mutane ya ce, "Ina kwana, 'yar rijiya?" Mala ya ji kunya ta taso masa, ya tuna maganar da Huseina ta faɗa masa a saman tsani. Ya matse hanci ya amsa da muryar tsohuwa mai tsintsiya, "Lafiya lau, yaro, zo ka ci tuwo." Kasuwa ta ɗauki dariya, Basiru ya hau baburinsa. Kafin la'asar layin masu son a tura musu matar rijiya ya kai wajen mai ƙosai, Baffa Nababa na tsaye a gefe yana gaya wa kowa cewa shi ya gano yaron.

Damina ta yi kyau a shekarar, Allah ya dubi bayinsa. Gonar da ta sha toka ta ba da gero har maƙwabta na zuwa tambayar Malama-ba-albashi yadda ake haɗa takin. Bayan an gama girbi aka ɗaura auren Mala Kallamu da Huseina Dabo a ƙofar zauren nan, aka raba goro da dabino, Hassana ta zo daga Bacirawa da goyonta ta riƙe wa amarya mayafi.

Washegari da hantsi ango ya shigo da ƙosai a ƙunshe cikin takarda. Huseina ta duba takardar gaba da baya, ta tsohuwar jarida ce.

"Yanzu dai ba kasuwa mai zuwa," ta ce. "Mutumin nan mai fitila, da ya waiwayo me ya gani?"

"Ya ga wadda ta riƙe shi, ya ce don Allah kada ta saki."

"Maƙaryaci."

"Gara ta cinye shafin, Insifeto. Nawa ƙarshen kaɗai ya rage."

Da yamma suka taka zuwa kufai. Yakaka ta sa an fitar da buhuna da turmi, an shafe rumbun da sabuwar ƙasa, an zuba damman geron gidansu a ciki har wuya. Mala ya hau tsani ya leƙa, ya sauko yana shafa ƙeya.

"Kin ga an kore ni daga wajen aiki. Ko wurin sa ƙafa babu."

"Za mu rataya maka buhuna a ɗaki," in ji Huseina. Ta dafa bangon rumbun, ta ji shi a cike ƙarƙashin tafinta. "Nan kuwa, Allah ya sa kada ka sake samun wurin zama a cikinsa har abada."

"Amin," in ji Mala da muryarsa ta gaskiya.

Allah ya amsa, ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya cika rumbun kowa.